Awon Tudun Ƙanƙara a Tekun Aktik da Neman Ruwa a Ƙarƙashin Dutsenmu

Wannan shirinmu ne na faɗakarwa kan ilimin kimiyya. Ina gaishe da mutanen garin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da na 'Yankara da Sheme da Dandume, da duk ƙauyen da muryar nan take kaiwa. Waɗanda rashin tsaro ya raba da gidajensu da gonakinsu, Allah Ya mayar da ku lafiya, Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa.

Yau tafiyar tamu mai nisa ce. Za mu je can ƙuryar arewacin duniya, wani teku da ake kira Aktik. Rasha da Norwe da Girinlan da Kanada da jihar Alaska ta Amurka su ne suka kewaye shi. Tambayar da za mu bi guda ɗaya ce: yaya ake auna abin da ido ba ya gani? Ku riƙe tambayar nan. Yaya ake auna abin da ido ba ya gani? Da ita za mu tafi, da ita kuma za mu dawo gida, har bakin rijiyar burtsatsen unguwarku.

To, mu fara da kashi na farko: mene ne tudun ƙanƙara?

A wancan teku, sanyi kan yi tsanani har ruwan gishiri ya daskare. Ruwan daɗi yana daskarewa ne a sifili na ma'aunin salshiyos. Ruwan teku, saboda gishirinsa, sai ya sauka kusan digiri 2 ƙasa da sifili. Idan ya daskare, sai ya zama shimfiɗaɗɗen fili fari, iyakar ganinka. Wanda ya daskare a hunturu ɗaya, kaurinsa kan kai mita 1 da rabi zuwa 2. Wanda ya tsallake bazara bai narke ba, ya ƙara shekara a kan shekara, yakan kai mita 3 ko 4.

Amma filin nan ba a tsaye yake ba. Yana yawo a kan ruwa. Iska na tura shi, igiyar ruwa na jan sa. Wani wuri ya tsage, ruwa ya bayyana. Wani wuri kuma manyan falalen ƙanƙara biyu su yi karo. Idan suka yi karo, bakinsu ya farfashe. Gutsattsarin, wasu su hau sama, wasu su nutse ƙasa. Turin ya ci gaba, tarin ya ci gaba da girma. Abin da ya fito shi ne tudun ƙanƙara: dogon tsibi mai karkace-karkace, wanda kan miƙe har kilomitoci.

Tudun nan kashi uku ne. Ku saurara da kyau, don za mu yi ta komawa kansu. Akwai doro, wato abin da ya fito sama da ruwa. Akwai gindi, wato abin da ya nutse a cikin ruwa. Sannan a tsakani, daidai fuskar ruwa, akwai wani ɓangare inda gutsattsarin suka sake daskarewa suka manne wuri guda. Shi za mu kira ɗaurarren ciki. Doro, gindi, ɗaurarren ciki.

Yara, ga gwajin da za ku iya yi. In kun samu dunƙulen ƙanƙara wajen mai sayar da ruwan sanyi, ku jefa shi cikin bokitin ruwa. Ku duba da kyau. Ɗan kaɗan ne zai leƙo sama. Kusan kashi 9 cikin 10 yana ƙasa. Haka lamarin yake a teku. A tudun da bai wuce shekara ba, zurfin gindi kan ninka tsayin doro sau 4 zuwa 5. Ka ga doro mai mita 2, to ka sa ran gindi mai mita 8 zuwa 10. Kuma gindin ya fi doron faɗi nesa ba kusa ba. An taɓa auna wani tudu mai doron mita 12, gindinsa ya kai mita 45. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin duk ƙanƙarar tekun nan a cikin irin waɗannan tuddai take. Saboda haka wanda ya auna shimfiɗaɗɗen fili kawai, ya bar tuddai, rabin lissafi ya yi.

Wani abu kuma. Cikin gindin ba a cike yake dam ba. Ku tuna tsibin duwatsun da tifa ta juye a bakin gini. Daga nesa tsibi ne guda, amma tsakanin dutse da dutse akwai sarari. Haka gindin tudu yake, sai dai shi ruwan teku ne ya cika sararin. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gindin sarari ne. Ku ajiye wannan a ranku, don shi ne zai rikita wata na'ura nan gaba kaɗan.

Yanzu kashi na biyu: hanya mafi tsufa, wato huda.

Mutum ne zai taka da ƙafarsa ya hau kan ƙanƙarar. Yana ɗauke da injin huda mai rodi, faɗinsa kamar santimita 5, ana ƙara masa tsawo gaɓa-gaɓa. Da farko a ja igiya ta ratsa tudun, daga wannan gefe zuwa wancan. A sa alama a kan igiyar, duk bayan mita ɗaya, ko biyu, ko biyar. A kowace alama a huda rami.

A nan ne aikin yake da ban sha'awa, kuma ina so mu ɗan daɗe a kansa. Mai hudar ba ya ganin komai. Hannunsa ne idonsa. In rodin na tafiya da ƙyar, ya san yana cikin ƙanƙara mai tauri. In ya yi laushi, ya san ya shiga taɓon ƙanƙara. In rodin ya zurma ba zato, ya san ya faɗa sarari, ruwa ne a wurin. Sai ya ɗaga murya ya faɗa, wani na gefe ya rubuta: daga mita kaza zuwa mita kaza, tauri; daga kaza zuwa kaza, sarari. A ƙarshe a zura tef ɗin awo mai ɗan ƙarfe a bakinsa. Ƙarfen ya gitta a ƙarƙashin ƙanƙarar, a ja har ya tokare, a karanta lamba. Wasu kan yi hudar da ruwan zafi ko tururi, don ya fi sauri. Wasu ramukan kuma ana ciro ƙanƙarar ne a mulmule, a yayyanka ta, a gwada gishirinta da sanyinta, don a san ƙarfinta.

In aka jera bayanan ramukan nan a kan takarda, sai hoton tudun ya fito, kamar an yanka shi biyu an leƙa ciki. Da irin wannan aiki aka gano cewa ɗaurarren ciki kan fi shimfiɗaɗɗiyar ƙanƙarar da ke gefensa kauri, da kamar ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. Shi ne ɓangaren da matuƙan jiragen ruwa suka fi shakka, domin shi ne mai ƙarfin.

Ku kuma tuna a wane hali ake aikin. Sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili. A lokacin hunturu rana ba ta fitowa har tsawon watanni, da fitila ake komai. Dole a sa mutum ɗaya gadi da bindiga saboda farin beyar, wata ƙatuwar dabba mai farauta a kan ƙanƙara. Tudu ɗaya kan cinye wa mutane kwanaki. Ni dai ina ganin girman waɗannan mutane, domin duk wata na'ura mai tsada da za mu ambata, da ramukansu ake gwada gaskiyarta.

Huda ita ce mafi tabbas. Na maimaita: huda ita ce mafi tabbas. Amma tekun ya ninka faɗin Najeriya sau goma sha wani abu. Rami nawa za a huda? Wannan ya kai mu kashi na uku: na'urorin da ke auna wuri mai faɗi cikin ɗan lokaci.

Ta farko daga ƙasa take leƙowa. A ranar 3 ga Agusta, 1958, jirgin yaƙin Amurka mai tafiya a ƙarƙashin teku, mai suna Nautilus, ya ratsa ta ƙarƙashin tsakiyar ƙuryar arewa. Irin waɗannan jirage suna da na'urar amsa-kuwwa da ke kallon sama. Tana aika sauti, sautin ya bugi ƙasan ƙanƙara, ya dawo. In ya dawo da wuri, ƙanƙarar ta sauko ƙasa sosai, ke nan akwai gindin tudu. In ya jima, ƙanƙarar siririya ce. Sojoji sun yi haka ne don kada jirginsu ya yi karo, da kuma neman inda za su iya ɓullowa sama. Shekara da shekaru bayanan na ɓoye a matsayin sirrin soja. Da yaƙin cacar baka ya ƙare, aka saki wani ɓangare ga masana.

A shekarar 1999, wani masani mai suna Rothrock da abokan aikinsa a Jami'ar Washington suka kwatanta tsohon awo da sabo. Tsakanin 1958 da 1976, abin da ya nutse na ƙanƙarar, a matsakaicin lissafi, mita 3.1 ne. A shekarun 1990 ya koma mita 1.8. Wato kusan kashi 40 cikin 100 ya tafi. Wani masanin Ingila, Peter Wadhams, shi ma ya sha shiga jiragen sojan ƙasarsa yana irin wannan awo, ya kuma ga raguwar. Yanzu har ɗaure irin na'urar nan ake yi a gindin teku, ta zauna tana ƙirga ƙanƙarar da ke wucewa ta samanta. Tun 1990 cibiyar binciken Norwe ke yin haka a mashigin Fram, tsakanin Girinlan da tsibiran Svalbard, inda yawancin ƙanƙarar da ke barin tekun take bi.

Ta biyu daga sama take aiki, kuma ita nake so mutanen Faskari da Sabuwa su fi kasa kunne a kanta, don 'yar'uwarta ta taɓa zuwa ƙasarmu. Na'ura ce mai aiki da lantarki da maganaɗisu. Sirrinta ɗaya ne: ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki sosai, ƙanƙara kuwa da ƙyar take ɗauka. A cikin na'urar akwai naɗin waya guda biyu. Ɗaya yana aika ƙarfin maganaɗisu ƙasa. Ƙarfin ya ratsa ƙanƙara kamar babu ita, ya isa ruwa. Ruwan ya mayar da martani. Ɗaya naɗin ya karɓi martanin. In martanin mai ƙarfi ne, ruwa na kusa. In mai rauni ne, ruwa na nesa.

Akwai wadda ake ja a kan ƙanƙara da hannu, sunanta EM31, ƙirar wani kamfani na Kanada mai suna Geonics. Akwai kuma wadda cibiyar Alfred Wegener ta Jamus ta ƙera, wadda jirgi mai saukar ungulu ke ratayowa da igiya, tana shawagi kamar mita 15 sama da ƙanƙara. Ita wannan tana da ƙarin ido na hasken leza, mai auna nisan da ke tsakaninta da saman ƙanƙarar. Lissafin mai sauƙi ne. Nisa zuwa ruwa, a cire nisa zuwa saman ƙanƙara, abin da ya rage shi ne kauri.

A shimfiɗaɗɗen wuri, awonta kan zo daidai da na huda, bambancin 'yan santimitoci ne. Amma a kan tudu sai ta yi kuskure. Kun tuna sararin da ke cikin gindi, wanda ruwan teku ya cika? To na'urar na jin wannan ruwan, sai ta ɗauka ta iso teku. Sai ta ba da lamba ƙarama. Tudun da ya kai mita 10, ta iya cewa 5 ko 6. Wa ya gano haka? Masu huda. Sun bi layin da na'urar ta bi, suka huda, suka ga bambanci.

Ta uku tana can sararin samaniya, wato tauraron ɗan'adam. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake ganin faɗin ƙanƙarar daga sama. Amma faɗi daban, kauri daban. Domin kauri, hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba tauraro mai suna CryoSat a 2005, ya faɗi tun wajen harbawa. Ba su haƙura ba, suka sake ƙera wani, CryoSat-2, suka harba a watan Afrilu na 2010. Hukumar NASA ta Amurka kuma ta harba ICESat-2 a watan Satumba na 2018. Shi wannan yana harbo hasken leza sau 10,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, daga nisan kusan kilomita 500, har yana iya ganin doron tudu ɗaya-ɗaya.

Abin da tauraro ke aunawa shi ne ɗan abin da ya leƙo sama da ruwa. Yana duba tsayin ruwa a inda ƙanƙara ta tsage, ya duba tsayin ƙanƙara a gefe, ya cire. Daga nan a yi lissafin abin da ke ƙasa. Ga inda haɗarin yake: tun da kashi ɗaya cikin goma ake gani, kuskuren santimita ɗaya a sama kan zama kusan santimita goma a lissafin kauri. Ga kuma dusar ƙanƙara da ke kwanciya a kai, tana danna ƙanƙarar ƙasa da nauyinta. Saboda haka har gobe sai an tura mutane sun je sun huda, sun auna dusar, an gyara lissafin tauraron.

Bari in ɗan ratse in ba ku labarin tafiya biyu. A 1893, wani ɗan Norwe, Fridtjof Nansen, ya shigar da jirginsa na katako mai suna Fram cikin ƙanƙarar nan da gangan, ya bar ta ta riƙe shi, ta yi ta jan sa har 1896. An ƙera cikin jirgin a zagaye, yadda in ƙanƙara ta matse shi zai zame ya yi sama maimakon ya farfashe. A 1895 Nansen ya sauka da abokin tafiyarsa, suka nufi tsakiyar ƙuryar arewa da karnuka. Tuddan nan na daga cikin abin da ya tare su, suka juyo ba su kai ba. Bayan shekara fiye da 120, jirgin binciken Jamus mai suna Polarstern ya bi sawunsa. Ya tashi daga Tromso ta Norwe a watan Satumba na 2019, ya dawo Jamus a watan Oktoba na 2020, da masana daga ƙasashe 20. Sunan aikin MOSAiC. Sun zaɓi wasu tuddai, suka yi ta bibiyarsu wata da watanni. Suna hudawa daga sama, suna jan na'urar lantarki a kai, suna tura wani ƙaramin inji mai nutso yana zana siffar gindin daga ƙasa. Hanya uku a kan tudu ɗaya, kowace na gyara 'yar'uwarta.

Masu sauraro, in yanzu kuka kunna rediyonku, muna magana ne kan yadda ake auna tudun ƙanƙara a tekun Aktik. Mun iso kashi na huɗu: me awon ya nuna, kuma ina ruwanmu?

Ya nuna cewa ƙanƙarar na raguwa, a faɗi da kuma a kauri. Watan Satumba ne take kaiwa ƙarshen narkewarta a kowace shekara. A Satumban 1980, faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 7. A Satumban 2012 ya sauka zuwa kusan miliyan 3.4. Abin da ya ɓace tsakanin shekarun biyu ya kai faɗin Najeriya sau huɗu. Tsohuwar ƙanƙara mai shekara huɗu zuwa sama, wadda a tsakiyar shekarun 1980 ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku, yanzu 'yar kaɗan ta rage. Awon jiragen sama na Jamusawa na kusan shekara 30 ya nuna tuddan ma sun ragu a yankunan tsohuwar ƙanƙara, sun kuma rage tsayi. Yankin na ɗumama da saurin da ya kusa ninka na sauran duniya sau huɗu.

Mutanen can abin ya shafe su kai tsaye. Mafarautan Inupiyat na arewacin Alaska suna fita farauta a kan ƙanƙarar bakin gaɓa. Tuddan da gindinsu ya caki ƙasan teku su ne ke riƙe ta, kada iska ta ɓalle ta da mutane a kai. Injiniyoyi kuma suna son sanin zurfin gindi, don yakan karce ƙasan teku, dole a binne bututun mai ƙasa da inda zai kai. Gadar Confederation ta Kanada, mai tsawon kusan kilomita 13, da aka buɗe a 1997, an yi wa ginshiƙanta siffar mazurari a daidai fuskar ruwa don su riƙa karya ƙanƙarar da ke tahowa.

Mu fa? Farar ƙanƙara mai dusa a kai tana mayar da yawancin hasken rana sama. Baƙin ruwan teku kuwa shanye shi yake yi. Ƙanƙara ta ragu, teku ya ƙara shan zafi, ƙanƙara ta ƙara raguwa. Wadda ke fita ta mashigin Fram kuma, a arewacin Tekun Atlantika take narkewa. Daminarmu na da alaƙa da wannan teku na Atlantika. Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Tun 1986 masanan yanayi na Ingila suka nuna cewa ruwan saman yankinmu na bin yanayin zafin tekuna. In arewacin Atlantika ya fi kudancinsa ɗumi, damina kan matso arewa. In ya fi sanyi, takan ja baya. Kwamfutocin da ke lissafin yanayin shekarun da ke tafe suna buƙatar a ba su zafin teku, da iska, da kaurin ƙanƙara. Lamba marar kyau in ta shiga, amsa marar kyau ce za ta fito. Manomin masara da auduga da waken suya na Sabuwa yana da haƙƙi a kan a yi wannan awo daidai.

Yanzu mu dawo gida. Kashi na ƙarshe.

Ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a kan tsohon dutse take zaune. Kuna ganin kawunansa sun leƙo a duwatsun da ke kewaye da mu. Shi wannan dutse, in lafiyayye ne, ba ya riƙe ruwa. Wuri biyu ruwa ke samun mazauni. Na farko, ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, wanda ruwan sama ya daɗe yana ci har ya yi laushi. Na biyu, tsagar da ke cikin dutsen. Farar ƙasar da aka san Ƙanƙara da ita, wadda ake haƙa ana kaiwa masana'antu, daga irin wannan ruɓewar ta samu. Kaurin ruɓaɓɓen dutsen ba ɗaya ba ne. A nan mita 5, can gaba kaɗan mita 30. Shi ya sa za ka ga burtsatsen wannan gida na ambaliya, na maƙwabcinsa ko ɗigo babu.

Yaya ake auna abin da ido ba ya gani? Da dabarar da muka ji ɗazu. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana ɗaukar lantarki, busasshen dutse ba ya ɗauka. A shekarun 1980, lokacin babban aikin samar da ruwa a ƙauyukan jihar Kano, an yi amfani da wata na'ura mai suna EM34 wajen zaɓen inda za a haƙa. Kamfanin da ya ƙera wadda ake ja a kan ƙanƙara shi ya ƙera ta, kuma ƙa'idar aikinsu ɗaya ce. Wadda kuka fi gani a yau ita ce mai turaku huɗu na ƙarfe. Masu safiyo su kafa su a ƙasa a jere, su haɗa da waya, su tura lantarki ta biyun gefe, su karanta ta biyun tsakiya. Su matsar da turakun waje, su sake karantawa. Duk sanda suka ƙara tazara, lantarkin na ƙara shiga ƙasa, suna jin abin da ke can ciki.

Kuma ita ma tana da abin da ke yaudarar ta. Yumɓu. Jiƙaƙƙen yumɓu yana ɗaukar lantarki ƙwarai, na'ura ta nuna kamar an dace. Amma yumɓu riƙe ruwa yake yi, ba ya saki. A haƙa, a samu taɓo, famfo ya ba da bokiti biyu ya tsaya. Na'urar can ruwan cikin gindi ke ruɗa ta, ta nan yumɓu ke ruɗa ta. Maganin duka biyun ɗaya ne: a haɗa abin da na'ura ta faɗa da abin da rami ya nuna, kuma a rubuta.

A nan ne nake ganin muna asara, kuma abin na damuna. Ana haƙa burtsatse da yawa a garuruwanmu. Na gwamnati, na ƙungiyoyi, na masu hali, na sadaka. Kowane rami bayani ne a kan abin da ke ƙarƙashinmu. Amma sau da yawa motar haƙa ta gama ta tafi, ba a bar wa gari ko takarda ɗaya ba. Bayan shekara biyu wani ya zo ya haƙa kusa da inda aka riga aka sha wahala a banza, kuɗin jama'a ya sake nutsewa.

Saboda haka, masu unguwanni, dagatai, limamai, shugabannin ƙungiyoyin matasa da na mata, da duk mai niyyar haƙa burtsatse, ga abin da za ku nema. Kafin a kawo mota, a yi safiyo, a ba ku rahotonsa a rubuce. In aka ce an gwada wuri ɗaya tak, ku nemi a gwada biyu ko uku a kwatanta. Ranar haƙa, ku sa wani ɗalibi mai natsuwa ya zauna da littafi. Duk rodin da ya shiga, a ɗebi ƙasar da ta fito a ajiye a jere. Ya rubuta: daga mita kaza zuwa kaza, jar ƙasa, daga kaza zuwa kaza, marmara, nan yumɓu, nan ruɓaɓɓen dutse, nan aka taɓa lafiyayyen dutse, a mita kaza ruwa ya fara fitowa. Ku tambayi tsawon bututun da aka zura, da inda aka sa mai ramukan tace ruwa. Bayan an gama, a tayar da famfo ya yi awoyi yana aiki, a ga ko ruwan zai ɗore, a auna yawan da yake bayarwa. Wanda bai ba da ruwa ba ma, a rubuta shi, don shi ne zai hana a maimaita asara a wurin.

Na sake faɗa a taƙaice, don mai rubutawa ya samu: rahoton safiyo, littafin haƙa, gwajin famfo. Ku yi kwafi biyu. Ɗaya ya zauna wajen mai gari, ɗaya a kai sashen ruwa na ƙaramar hukuma ko hukumar samar da ruwan karkara ta jiha, RUWASSA. Malaman kimiyya na makarantunmu, ga aikin da za ku ba 'yan aji. Su zaɓi rijiya ɗaya, su ɗaura ɗan dutse a bakin igiya, su auna daga bakin rijiya zuwa fuskar ruwa a ranar farko ta kowane wata, da sassafe kafin a fara ɗiba, babba na tsaye a wurin. A rubuta kwanan wata da lamba, a ajiye littafin a ofishin shugaban makaranta, aji na gaba ya ɗora.

A nan za mu dakata.